Inabin da Maigidana Ya Dasa

Jiya 'yar ƙanwata ta kawo mini inabi daga Kudan a cikin leda, wai yanzu a bakin titi ake kasa shi kamar tumatir. Na karɓa, na sa mata albarka, na ajiye a gefen gado. Da na buɗe ledar na gan shi, sai kuka ya ƙwace mini. Ta ce, "Inna, mene ne abin kuka a cikin inabi?" Na ce ta samo takarda ta zauna. Ni ban yi boko ba, kuma duk wanda ya san zancen nan ƙasa ta rufe masa ido, saura ni.

Ni 'yar Gazara ce, ta wajen Makarfi. Aure ya kai ni wani ƙauye gab da Kudan. Maigidana, Allah ya kai haske kabarinsa, manomin rani ne. Yana da garka a bakin fadama, da rijiya da jigo, yana yin albasa da tattasai da ɗan rake. Mutum ne mai son tsiro. Ko ciyawa zai cire sai ya duba ta tukuna. Haihuwa biyu na yi masa, ba wanda ya tsaya. Ban taɓa jin ya yi mini gori ba.

Wata shekara ruwa ya cinye fadamar, muka tafi Zariya cin rani. A can ya samu aikin lambu a gidan wani Bature Bafaranshe, ma'aikacin kamfanin da ke sayen fata da gyaɗa. Baturen yana jin Hausa, irin ta Damagaram, don ya daɗe a can. Matarsa ba ta ji ko kaɗan. Ta haifi 'ya mace, ta kwanta ciwo bayan haihuwar, jaririyar kuma ta ƙi kowa, kuka ba dare ba rana. Wata rana na kai wa maigida abinci lambu, kukan ya ishe ni. Na nemi a ba ni ita, na saɓa ta a baya, na ɗaure da zane. Kafin in zagaya gindin mangwaro ta yi barci. Tun daga ranar bayana ya zama nata. Dama bayan nawa ya daɗe ba kowa a kansa, ban ƙi ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ba Baturen hutu, zai je gida da iyalinsa. Matar ta ce ba za ta iya da yarinyar ba sai da ni. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, mace ba ta ƙetare teku ba muharrami."

Baturen ya yi dariya ya ce, "To, muharramin ma ya ɗaura kayansa."

Haka muka je Faransa, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Daga Kano muka shiga jirgin sama. Ba abin da zan iya faɗa a kansa, don idona a rufe yake, bakina yana salati. Daga nan jirgin ƙasa, daga nan wata ƙaramar mota, har garin iyayen Baturen. An faɗa mini sunan garin ya fi a ƙirga, harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba.

Ƙaramin gari ne a bakin kogi. Kogin yana da faɗi, yana tafiya a hankali kamar mai jin nauyin jikinsa, kuma aka ce ba ya ƙafewa rani da damina. Akwai gada ta dutse a kansa. Gidajen ma na dutse ne, rufinsu kamar ɓawon kifi. Ba ladan, sai ƙararrawar coci. Rana kuma ba ta hawa tsakar ka, ta gefe take ratsewa, inuwar mutum ba ta taɓa komawa ƙarƙashin ƙafarsa. Maigida ya sha wahala kafin ya gane lokacin azahar. A ƙarshe ya kafa tsinke a bayan gida yana duba inuwarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki gonakin ne. Daga bakin kogi har saman tudu, layi-layi ne na wani ɗan itace da bai wuce ƙugun mutum ba, an ɗaure shi a jikin waya. Gindinsa baƙi ne, a murɗe kamar hannun tsoho. 'Ya'yan suna reto nono-nono kamar na faru, amma sun fi girma, baƙaƙe masu ƙura-ƙura a jiki. Na duba gabas da yamma, ba dawa, ba gero, ba ko masara. Na tambayi Baturen me mutanen garin suke ci. Ya ce burodi suke saye. Ya nuna tudun da hannu ya ce, "Wannan inabi ne. Duk abin da kike gani, giya za a yi da shi."

Gari guda, da tsofaffinsa da yaransa, ba su da sana'a sai giya. Mun kuwa iso daidai lokacin girbi. Ana ɗebo shi a kwanduna ana zubawa a amalanke, ana kai shi wani ɗaki da aka fafe a cikin tudu. A can ake matse shi a zuba a manyan gangunan katako. Jan ruwa yana bin kwata. Garin duk ya ɗauki wani wari mai tsami, irin na ƙullun da ya kwana biyu. Ko mayafina na shinshina sai in ji shi. Na ƙudurta a raina cewa abin nan ba zai shiga bakina ba, ɗanye ko matsattse.

Mutanen ba su cuce mu ba, wannan sai in faɗa. Mahaifiyar Baturen, wata gajeriyar tsohuwa mai baƙin ɗankwali, da ta fahimci ba ma cin alade sai ta ware mana tukunya, ta goge ta da toka a gabana don in gani. Ta bar maigida yana yanka mana kaza da hannunsa. Akwai kifin kogi, da ƙwai, da madara, da dankali. Da sanyi ya fara taɓa ni ta ba ni wata rigar ulu ta ƙanwarta da ta rasu. Sau da yawa tana miƙo mini inabi a faranti, in sunkuyar da kai in girgiza. Sai ta ɗaga kafaɗa ta yi wani ɗan sauti da leɓe, ta mayar.

Maigida kuwa tun kwana na biyu ya ɓace cikin gona. Mahaifin Baturen tsoho ne mai farin gashin baki, tafin hannunsa duk faso. Ba wanda ke jin yaren wani. Na gan su da idona: tsohon ya damƙo ƙasa ya murje ya miƙa masa, maigida ya shinshina ya gyaɗa kai. Sai suka buɗe tafin hannu, kowa ya duba na ɗan'uwansa, suka fashe da dariya. Shi ke nan abota ta ƙullu. Maigida ya shiga cikin masu girbi. Su a baya suke goya kwandonsu kamar ɗa, shi kuwa ya yi gammo ya ɗora a ka, ya gangaro tudu hannu sake. Aka tsaya ana tafa masa. Wata budurwa ta ce sai ta gwada, kwandon ya kife mata, aka yi ta ihu.

Na ce masa, "Malam, kana taya su haɗa giya fa."

Ya ce, "Ni ɗan itace nake tsinka. Abin da suka yi da shi bayan nan, tsakaninsu da Mahaliccinsu."

Wata rana bayan la'asar ina zaune a bakin kogi da yarinyar a cinyata, muna kallon wani mai kwale-kwale. Sai ga maigida ya gangaro, hularsa a hannu, cike da inabi. Ya tsuguna a gabana. Ya zaɓi ƙwaya ɗaya, ya goge ta a rigarsa, ya kawo ta daidai bakina.

"Ke, buɗe baki."

"Malam, ka rufa mini asiri."

"Ɗan itace ne fa. Ni da na ci tun safe kin ga ina tangaɗi?"

"Wa ya sani ko sai an jima."

"Ko dawa ai da ita ake burkutu. Kin daina cin tuwo?"

Na ce, "Dawa mun gaje ta kaka da kakanni. Wannan kuwa tun daga jijiyarsa don kwalba aka dasa shi."

Ya ƙara matso da hannun. Na kau da kai. Yarinyar ta kama yatsansa tana ja, ya matse mata ruwan a baki, ta lashe tana neman ƙari. Ya ce, "Ga wadda ta fi ki wayo." Ya juya yana kallon ruwa. Can ya ce, "Shi ke nan. Zan tafi da shi gida in dasa a garkarmu. In ba shi ruwan rijiyarmu da bisimilla safe da yamma har ya musulunta. Ranar da ya yi 'ya'ya, daga hannuna za ki ci."

Na ce, "In ya musulunta zan ci."

Dariya muke yi lokacin. Ban san ya riƙe maganar ba.

Aka gama girbi. Sanyi ya ƙaru, ganyen gonakin ya koma rawaya da ja, ya fara zuba. Mu a ganinmu gona ta gama shekararta ke nan, kamar yadda karan dawa ke bushewa bayan an yanke kai. Hutun Baturen ya ƙare. Ranar da za mu tashi, tsohon ya ja maigida cikin gona, ya yanko masa 'yan sanduna masu kaurin yatsa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Ya zaro wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje, irin wadda suka yi girbi da ita, ya damƙa masa. Ya yi ta bayani, yana nuna itacen, yana nuna sama, yana ƙanƙame jiki. Baturen yana can yana fama da akwatuna a kan mota. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, me Baba yake cewa?"

Ya ce, "Cewa yake ka kula da shi da kyau. Ku shigo, jirgi ba ya jira."

Tsohon ya rungume maigida. Tsohuwar ta sumbace ni a kumatu biyu, kunya ta kusa kashe ni.

Da muka dawo ba mu daɗe a Zariya ba. Kamfani ya ɗauke Baturen zuwa wata ƙasa ta bakin teku. Aka zare yarinyar daga bayana tana kuka ina kuka. Ban sake jin labarinta ba. In tana raye yanzu ita ma ta yi jikoki. Muka tattara muka koma ƙauye.

Sandunan nan maigida ya riga ya binne su a tukwane tun a Zariya. Yawanci sun bushe, biyu suka yi toho. Ya dasa su a garka, kusa da rijiya, inda ƙasar ta fi kyau. Kafin nan sai da ya je wurin liman, ya dawo da shi har ƙofar ɗakina don in ji da kunnena. Liman ya ce inabi halal ne, yana ma cikin 'ya'yan itatuwan da aka yi wa bayin Allah alkawari a Aljanna. Ya ce, "Zabibin da alhazai ke kawowa tsaraba, ai busasshensa ne. Ba ki taɓa ci ba?"

Na ce na ci.

Maigida ya kalle ni yana danne dariya, gemunsa yana rawa. Daga baya na ce masa, "To ai ka ji, na riga na ci, magana ta ƙare." Ya ce, "Ba daga hannuna ba."

Itacen ya kama ƙasa kamar dama can ita yake jira. Damina ɗaya ya wuce tsayin mutum. Maigida ya kafa masa rumfa, ya cika ta, ya ƙara wata, ya cika ta. A nan ba sanyin da zai sa ya zubar da ganye, kuma maigida bai taɓa barinsa da ƙishi ba. Da rani, gugan farko na jigo nasa ne, albasa sai ta jira. Takin awakina duk can yake tafiya. Ya kewaye wurin da ƙaya. In yaro ya tsinki ganye ɗaya, ranar sai an ji kansu. Reshe in ya karye, sai ya ɗaure shi da tsumma kamar mai ɗori. Yakan tsaya a ƙarƙashin rumfar ya ce, "Da Baba zai ga wannan! Nasa ko ƙuguna bai kai ba. Ƙasarmu ta fi tasu albarka."

Sai dai ganye kawai. Shekara ta zagayo, ganye. Wata ta zagayo, ganye.

Maigida yana da ƙane, gidanmu ɗaya, mutum mai barkwanci. Da yake ƙanin miji abokin wasa ne, ba ya raga mini. In ya shigo sai ya ce, "Matarmu, yaushe za a ci yaɗiyar Nasara? Na fa wanke hannu tun bara."

In ce, "Kai dai ko ta yi, ganye za a ba ka, ɗan akuya."

Ya juya wurin wansa ya ce, "Yaya, inuwa ka je saye har Faransa? Ga ɗurumi a ƙofar gida kyauta."

Maigida ya yi murmushi ya ce, "Za ka gani."

Da farko wasa ne a cikin gida. Daga baya gari ya ɗauka. A dandali in aka ga mutum yana aikin da ba riba, sai a ce yana noman inabi. Wasu suka ce ƙarya ce ma, ba wani itace mai irin 'ya'yan da yake faɗa. Ni kaɗai ce shaidarsa, ni kuma mace ce a cikin gida, wa zai tambaye ni.

Ba abin da bai gwada ba. Wani ya ce sai da namiji da mace kamar dabino. Wani ya ce a binne mushen akuya a gindinsa, aka binne. Aka karɓo rubutu aka zuba masa. Ya taka har Ikara wurin malamin gona, mutumin ya ce shi auduga da gyaɗa aka koya masa. Wata shekara itacen ya fito da 'yan furanni kaɗan a can ƙarshen wani reshe. Maigida ya shigo gida da gudu kamar yaro, ya ja ni na je na gani. Kafin mako ya zagayo sun kakkaɓe. Ranar bai ci tuwo ba.

Wuƙar nan kuwa tana cikin adudu. Duk kaka sai ya ɗauko ta, ya shafa mata man gyaɗa, ya gwada kaifinta a farce, ya naɗe ya mayar. Bai taɓa yanka komai da ita ba. Ya ce ta girbi ce, sai ranar girbi.

Da na ga abin yana cinsa, na ce, "Malam, na yafe alkawarin nan. Wasa fa muke yi a bakin ruwa."

Ya ce, "Ke kika yafe. Ni na ga yadda kika kau da kai."

Wata damina tari ya kama shi. Muka ɗauka na sanyi ne. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka kai shi asibiti Zariya, aka dawo da shi ya rame kamar kara. Yana kwance ma zancensa ke nan: an duba ƙayar? Kada a bar awaki su shiga. A ƙarshen daminar aka yi wata iska da ta kayar da rumfunan, don gara ta riga ta cinye ginshiƙan. Muka ɓoye masa. Ranar da zai cika, da hantsi, ya kama hannuna ya juya tafin sama, ya ɗora nasa a kai, ba komai a ciki. Na san abin da yake nufi. Dawa ta sunkuyar da kai a gona lokacin da aka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na shiga takaba. Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, ina zaune a ƙofar ɗaki, sai na ga an jawo wani tulin ganye an zube wa awaki a tsakar gida. Na san ganyen nan kamar yadda na san tafin hannuna. Awakin da ya yi shekaru yana kora, ga su suna ci har suna ture juna.

Na aika a kira mini ƙanensa. Ya zo ya tsaya daga bakin danga, adda a hannunsa.

Na ce, "Ko arba'in ba a yi ba."

Ya ce, "Matar yaya, albasa ba ta san takaba ba. Rumfa ta faɗi ta danne rabin garka, ga lokacin dashe yana wucewa. Da me zan ciyar da gidan nan? Da ganye?"

"Ka tumɓuke shi?"

"Na sare dai. Kututturen ya yi zurfi, sai na samu sarari."

Gaskiya ya faɗa, garkar ta zama tasa, ga 'ya'ya a gabansa. Amma ni ranar aka sake yi mini mutuwa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga nan magana ta yanke tsakaninmu, sai gaisuwa. Bai sake ce mini matarmu ba.

Da yake ba ni da ɗa a gidan, an shirya in na fita takaba 'yan'uwana za su zo daga Gazara su tafi da ni. Kwanakin suka cika, zafi ya fara shigowa. Na yi wanka, na ɗaure 'yan kayana. Da safe, ana gobe za a zo ɗaukata, sai na ji sallamar ƙanen maigida a ƙofar ɗaki. Ya tsaya yana tona ƙasa da babban yatsa.

Ya ce, "Wuƙar nan ta yaya tana nan?"

Na ce tana nan.

"Ki ɗauko ki biyo ni."

Na bi shi har garka. Albasa ta yi kore shar. Kusa da rijiya ga kututture biyu, baƙaƙe, gajeru, a murɗe. Wallahi sai na ga kamar an ɗauko su daga tudun nan na bakin kogi. Sun fitar da sababbin rassa, an tokare su da kara. A jikinsu an ɗaɗɗaure wasu tsummoki. Ya kwance ɗaya. Nonon inabi ne, baƙi, da ƙura-ƙurarsa. Ya kwance wani, ya kwance wani.

Na durƙusa a gabansu.

Ya ce, "Ruwan albasa ne yake gangaro masa. Tun yana fure na gani. Na ji tsoron in faɗa miki ya kakkaɓe kamar na wancan karon. Tsumman don tsuntsaye ne." Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Wallahi da na san sara yake so, da tun yaya na da rai na sare shi, ko da zai tsine mini."

Na warware wuƙar. Man da maigida ya shafa mata na ƙarshe yana nan bai bushe ba. Na sa ta a wuyan nono ɗaya, ta yanke shi kamar ba ta taɓa komai ba. Ƙanen ya haɗa tafukansa ya miƙo, wai in ɗora ya ba ni. Na girgiza kai. Ba don fushi ba, shi ma ya gane. A jikin ginshiƙin jigo akwai tsohuwar malafar maigida, tana rataye inda ya bar ta, rana ta cinye launinta. Na sauko da ita na kakkaɓe, na sa inabin a ciki. Na zauna a bakin rijiya na ɗora ta a cinya. Na yi bisimilla na ɗauki ƙwaya ɗaya.

Fatarsa da kauri. Da ya fashe, zaƙi ya fara zuwa, sai tsami ya biyo baya ya kama mini muƙamuƙi, ga 'yan ƙwallaye masu ɗaci a ciki. Na tauna duka na haɗiye. Na ce, "Malam, ya musulunta. Na ci."

Sauran muka yanke, ƙanen ya kai ƙofar masallaci aka raba sadaka. Aka ce har waɗanda suka yi wa maigida dariya a dandali sun karɓa, kowa ya ci ya yi shiru. Liman ya yi masa addu'a. Washegari aka zo aka tafi da ni.

Daga baya 'yan'uwa sun matsa na yi wani auren, bai yi ƙarko ba. In na ce maigidana, mutum ɗaya nake nufi. Itacen ya ƙara 'yan shekaru, ƙanen yana sare shi duk kaka yana aiko mini da rabona, har wata ambaliya ta tafi da garkar.

Sai da na tsufa, aka fara noman inabi sosai a ƙasar Kudan, na je biki na wuce ta wata gona. Na ga an aske itatuwan tas, ba ganye ko ɗaya, sai ƙasusuwa a kan waya. Na tambayi mai gonar ko ciwo ya kama su. Ya ce, "A'a, Iya, haka ake yi. Duk shekara bayan damina sai an datse shi, in ba haka ba ganye zai yi ta yi. A ƙasashen sanyi ma da tsakiyar sanyi suke datse nasu." Sai na tuna tsohon nan yana nuna sama yana ƙanƙame jiki, ranar da ya ba maigida wuƙar. Mun ga girbinsu, ba mu ga sanyinsu ba. Da mun ƙara wata biyu a garin, da maigida ya gani da idonsa, shi da ba a nuna masa aikin gona sau biyu.

Wuƙar tana nan a ƙarƙashin katifata, duk kaka ina shafa mata mai. Na ce wa 'yar ƙanwata ta wanke na cikin ledar ta raba wa yaran gida, ta ce su yi wa maigidana addu'a. Ta ce in ɗanɗana ko ɗaya, wannan mai zaƙi ne, ba ƙwallo a ciki. Na ce ta bari. Ba zaƙin nake nema ba. Ƙwaya ɗaya ce ya goge a rigarsa ya miƙo mini a bakin kogin nan, yana tsugune a gabana, ruwanta yana bin yatsunsa, na kau da kai.